Babi na Bakwai: Gwanin Ƙauyen Harrow

Harrow ƙaramin gari ne a bakin kogin Glenelg, a yammacin jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, tafiyar kusan kilomita 400 daga birnin Melbourne. Mutanensa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma tun kafuwarsa kiwon tumaki ne abin yinsu. A maƙabartar garin akwai kabarin wani lebura da ya rasu ranar 14 ga Agusta, 1891, bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, bai bar gona ba. Sunan da danginsa suka raɗa masa Unaarrimin. Turawan da ya yi wa aiki kuwa suka laƙaba masa Johnny Mullagh, da sunan gandun kiwon da ya tashi a ciki. Da aka zo binne shi, sai aka sa masa sandar wasansa a cikin kabari.

Ba sarki ba ne, ba attajiri ba ne, ba malami ba ne. Abin da Allah ya hore masa shi ne buga kurket, kuma mafi yawan shekarunsa na wasa ya yi su ne a ƙungiyar ƙauyensu, ba albashi ba ladan komai, sai dai in an tashi daga aiki a taru a fili. Amma yau, bayan sama da shekara 130, ana iya buɗe takarda a gaya maka maki nawa ya ci a wasa kaza, a gari kaza, da sunan wanda ya fitar da shi.

Mutumin Gaya ko Ajingi a jihar Kano zai iya cewa, ina ruwan biri da gada? Kurket ba wasanmu ba ne, Ostireliya kuma ko a mafarki ba ma zuwa. Gaskiya ne. Sai dai irin wannan mutumin mun san shi sarai. Kowane gari a ƙasarmu ya taɓa yin gwaninsa: manomi ne da damina, ɗan ƙwadago ko ɗan ci-rani da rani, amma in ya shiga fili sai tsofaffi su miƙe tsaye. Bambancin kawai shi ne nasu ya mutu sunansa ya rage, namu kuwa yawanci da su da labarinsu ake rufewa.

Yadda ake wasan

Kafin a gane girman abin da Mullagh ya yi, sai an san yadda wasan yake. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 11. A tsakiyar babban fili akwai wani ɗan zirin wuri mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa, an ɗora musu 'yan sanduna biyu a ka. Mai jifa zai taho da gudu ya wurgo ƙwallo, ta doki ƙasa ta taso, yana neman ta ture turakun. Mai bugu yana tsaye a gabansu da sandar katako mai faɗi, aikinsa ya kare su, ya kuma kora ƙwallon inda babu mai tarewa. In ya buga ta yi nisa, shi da abokinsa da ke ɗaya gefen sai su yi musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ta gangara har ta fice daga iyakar fili, maki 4 ke nan. In ta tsallake iyakar a sama, a dokar yau maki 6 ne.

Abin da ya sa bugun kurket ya zama gwajin zuciya shi ne mai bugu kuskure ɗaya yake da shi. In ƙwallo ta ture turakunsa, ko ya ɗaga ta sama wani ya cafe kafin ta faɗi, shi ke nan ya fita, sai ya koma gefe ya zama ɗan kallo har wani turmin. Ƙwallon kuma ba ta roba ba ce: dunƙulen ɓawon itace ne da zare, an ɗinke shi da fata, nauyinsa kusan giram 160, yana iya karya yatsa ko haƙarƙari. A zamanin Mullagh babu hular kwano, filayen ƙauye kuwa ba a daddaɓe su sosai ba, ƙwallo tana iya dukan ƙasa ta yi inda ta ga dama. Ana auna gwanintar mai bugu da lissafi mai sauƙi: a tara duk makin da ya ci, a raba da yawan fitar da shi da aka yi.

Wasan bai zama baƙo gaba ɗaya a Nijeriya ba. Tun a 1904 aka kara tsakanin Legas da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Ɗaliban Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun buga shi. A 2020 matasan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, a Janairun 2025 kuma 'yan matan Nijeriya na wannan rukuni suka doke New Zealand a Maleshiya. Amma a Arewa wasan bai taɓa fita daga harabar makarantu da manyan birane ya shiga ƙauye ba. A Biktoriya ya shiga, har ya kai ga bukkokin leburori.

Daga garken tumaki zuwa Landan

An haifi Unaarrimin wajen 1841, cikin al'ummar Jardwadjali, ɗaya daga al'ummomin 'yan asalin Ostireliya baƙaƙen fata, waɗanda suka yi dubban shekaru a ƙasar kafin zuwan Bature. Ya zo duniya a mummunan lokaci. A 1834 iyalin Henty suka kafa zango a Portland da ke bakin teku, a 1836 kuma Manjo Thomas Mitchell ya ratsa yankin ya koma yana yabon ciyawarsa. Kafin a daɗe, Turawa makiyaya sun malalo da tumakinsu sun mamaye mashaya da dazukan farauta. Cututtukan da baƙin suka zo da su, da bindiga, da yunwa, suka cinye mafi yawan mutanen ƙasar. Waɗanda suka tsira suka zama barori a kan ƙasar kakanninsu: su yi kiwo, su aske ulun tumaki, su kula da dawaki.

A irin wannan gandu, mai suna Pine Hills, Mullagh ya fara riƙe sandar kurket. 'Ya'yan masu gandu suna son wasa, mutane kuma sun yi ƙaranci, don haka suka riƙa jawo leburorinsu su cike gurbi. Ba a jima ba almajiri ya fi malaminsa. Wani Bature mai suna William Hayman, na kusa da garin Edenhope, ya tattara gwanayen cikinsu daga gandaye daban-daban ya kafa ƙungiya, aka ɗauko Tom Wills, fitaccen ɗan kurket na Biktoriya a lokacin, ya horar da su. Ranar 26 ga Disamba, 1866, suka tsaya gaban dubban 'yan kallo a babban filin Melbourne. An cinye su, amma mutanen birni sun koma gida suna zancen Mullagh.

Daga nan masu neman kuɗi suka farga. Wani ɗan damfara ya yi musu alkawarin kai su Ingila, ya ja su har Sydney a farkon 1867, can asirinsa ya tonu, ya bar su ba ko sisin komawa gida. Sun dawo a galabaice, wasunsu ma ciwon da suka kwaso a wannan tafiya ne ya zama ajalinsu. Sai Charles Lawrence, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Surrey ta Ingila da ya zo Ostireliya tare da ƙungiyar Ingila ta farko ya zauna, ya karɓi ragamar horar da su. Hukumar da ke kula da sha'anin 'yan asalin ƙasa a Biktoriya ba ta yarda da tafiyar ba, don haka a ɓoye aka fitar da su ta gaɓar Queenscliff. Ranar 8 ga Fabrairu, 1868, mutum 13 da Lawrence suka shiga jirgin ruwa mai suna Parramatta daga Sydney, suka sauka Ingila ranar 13 ga Mayu. Su ne ƙungiyar kurket ta farko da ta taɓa zuwa Ingila daga Ostireliya. Ta Turawan ƙasar sai bayan shekara goma ta je.

Tsakanin Mayu da Oktoba sun buga wasa 47: suka ci 14, aka ci su 14, aka tashi ba wanda ya yi nasara a 19. Ga mutanen da ba su fi 'yan shekaru da ganin wasan ba, suna karawa da masu shi a gidansu, cikin sanyin da ba su saba ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma Mullagh ne ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗa. Ya ci maki 1,698, wato sama da 23 a kowace fita, adadi mai tsoka a filayen wancan zamani. Da ya karɓi jifa kuma, ya fitar da masu bugu 245. Wani lokacin har tsaron bayan turaku yakan yi. A filin Lord's na Landan, wanda masu kurket suke ɗauka a matsayin cibiyar wasan, ya ci 75 a watan Yuni. A garin Reading ya ci 94, mafi yawan abin da ya samu a tafiyar. George Tarrant, ɗaya daga masu jifa mafiya ƙarfi a Ingila a lokacin, ya gwada shi, ya kuma shaida cewa bai taɓa jifan wanda ya fi shi iya bugu ba.

Waɗanda suka gan shi sun bar mana bayanin wani bugu nasa na musamman. In mai jifa ya sako ƙwallo da ƙarfi ta doki ƙasa ta taso tana neman fuskarsa, ba ya ja da baya, ba ya kuma sunkuyawa ya bar ta ta wuce kamar yadda akasari ake yi. Sai ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya ɗaga sandar a kwance bisa kafaɗarsa, ya bar ƙwallon ta goge ta kawai. Ƙarfin da mai jifa ya zuba shi ne zai kwashe ta ta kan mai tsaron turaku har iyakar fili. Kuskuren ɗan yatsa ɗaya a wannan bugu, a goshi za ta same shi. Ido yake buƙata da sanyin zuciya.

Tafiyar ba ta rasa ɗaci ba. Da yawa daga 'yan kallo ba kurket ya kawo su ba, sun zo ne su ga baƙaƙen mutane daga ƙarshen duniya. Bayan kowane wasa sai an sa su jifan mashi da lanƙwasasshiyar sandar farautarsu mai dawowa hannun mai ita. Ɗaya daga cikinsu, Yanggendyinanyuk, wanda Turawa ke kira Dick-a-Dick, yakan tsaya da 'yar siririyar garkuwa da kulki, mutane su yi ta jifansa da ƙwallo yana kaucewa yana karewa. A watan Yuni ciwon huhu ya kashe abokinsu Bripumyarrimin, wanda ake kira King Cole, aka binne shi a gabashin Landan. A watan Agusta aka mayar da wasu biyu gida saboda rashin lafiya. Sauran suka ci gaba da wasa har ƙarshe.

Shekara ashirin a gida

Sun dawo a farkon 1869 kamar yadda suka tafi, leburori. A ƙarshen wannan shekara majalisar Biktoriya ta kafa dokar da ta ba gwamnati ikon yanke wa ɗan asalin ƙasa inda zai zauna da irin aikin da zai yi. Ƙungiyar ta watse, aka tura da yawa zuwa matsugunan mishan irin su Ebenezer da Lake Condah. Mullagh ya ƙi. Ƙungiyar kurket ta Melbourne ta ɗauke shi aiki da albashi a kakar 1869 zuwa 1870, amma bai daɗe ba ya tattara ya koma gida.

Masu ba da labarinsa sukan yi sauri a nan, kamar an gama abin faɗa. A ganina nan ne labarin ya fi nauyi. Wata shida ya yi yana wasa a Ingila, amma shekara ashirin ya yi yana yi wa Harrow wasa, har zuwa 1890, yana dab da shekara hamsin. A gasar yankin da ake kira Kofin Murray, sunansa ne yake zama a sahun gaba a bugu da jifa. Abokan wasansa makiyaya ne da 'yan kanti da leburori. Abokan karawarsa mutanen garuruwan maƙwabta ne, waɗanda ake zuwa wurinsu a kan doki ko a keken doki. Mutumin da aka tafa wa a Lord's bai ga ƙasƙanci ba a tsayawa gaban jifan maƙerin ƙauye, a filin da tumaki suka gama kiwo jiya.

Abincinsa kuwa daga guminsa yake fitowa. In lokacin askin tumaki ya zo ya yi aski. In ya wuce ya koma farautar zomaye, domin 'yan zomayen da wani Bature, Thomas Austin, ya saki kusa da Geelong a 1859 sun hayayyafa har sun zama annoba ga makiyaya, ana biyan mai kashe su. Yana zaune shi kaɗai a bukka bakin wani tafki a Pine Hills. Daga wannan bukka yake fitowa ya je ya ci wa garinsu wasa.

Sau ɗaya birni ya sake tunawa da shi. A watan Maris na 1879 aka kira shi ya buga wa Biktoriya a kan ƙungiyar Ingila da Lord Harris ya jagoranta. Yana da kusan shekara 38, ya kuma yi shekaru bai fuskanci jifa irin na manya ba. A turmin farko ya ci 4 kawai. A na biyu, da 'yan wasan birni suka yi ta zubewa, shi ya tsaya ya ci 36, fiye da kowa a ɓangarensu. 'Yan kallo suka yi karo-karo suka tara masa fam 50. Ya karɓa, ya koma Harrow, ba a kuma sake kiransa ba.

Ya kasance mai kishin mutuncinsa. An riƙe labarin wata tafiyar wasa da suka sauka a masauki, aka ba Turawa ɗakuna, shi kuwa aka nuna masa wani ɗaki can bayan gida kusa da bargar dawaki, aka haɗa da kalmar wulaƙancin da suke jifan baƙar fata da ita. Mullagh bai yi faɗa ba, bai kuma shiga ɗakin ba. A waje ya kwana, sama ta zama rufinsa. Wanda ya san darajar kansa ba ya jiran sai an ba shi ita.

Abin da ya riƙe sunansa

Da ya rasu, jaridar yankin mai suna Hamilton Spectator ta jagoranci tara kuɗi, aka kafa masa dogon dutsen tunawa a filin wasan Harrow, filin da har yau da sunansa ake kiransa. Kada wannan ya rufe mana ido: al'ummar da ta karrama gawarsa ita ce ta ƙwace ƙasar iyayensa, ta kuma bar shi a gefe yana raye. Dutse ba ya wanke wannan. Ba kuma dutsen ne ya riƙe sunansa ba. Littafin maki ne.

A kowane wasan kurket, ko na ƙauyen da ya fi kowane ƙanƙanta, akwai mutum biyu da suke zama a gefen fili kafaɗa da kafaɗa, ɗaya daga kowace ƙungiya, kowa da littafi a cinya da fensir a hannu. Ba sa tafi, ba sa ihu. Duk ƙwallon da aka jefa sai sun rubuta ta: in ba a ci komai ba su ɗiga ɗigo, in an ci su sa lamba. Kowane mai bugu yana da layinsa, da sunansa, da makinsa, da yadda aka fitar da shi, da sunan wanda ya fitar da shi. Lokaci-lokaci su leƙa littafin juna don kada lissafi ya saɓa. Wanda ya ci ɗari yana da layi ɗaya, wanda ya fita bai ci ko ɗaya ba shi ma yana da layi ɗaya. In an tashi, sakataren ƙungiya ya kwafe ya aika wa jaridar yanki ta buga. Yau ɗakin karatu na ƙasa a Ostireliya ya ɗora waɗannan tsofaffin jaridu a intanet, a rumbun da ake kira Trove, kowa yana iya bincikawa.

Saboda wannan rubutu ne, da zamani ya juya, jikokin mutanen da aka wulaƙanta suka sami hujjar da ba a musu da ita. Ba cewa suka yi an ce kakanmu gwani ne ba, lissafi suka ajiye a gaban kowa. A Harrow yanzu akwai gidan tarihi da aka keɓe wa Mullagh da abokan tafiyarsa, ana kuma yin wasan tunawa da shi duk shekara. A Disambar 2020 aka shigar da shi cikin jerin gwarzayen kurket na Ostireliya, aka kuma fara ba da lambar yabo mai sunansa, wadda ake ba wanda ya fi kowa taka rawa a babban wasan da ake farawa ranar 26 ga Disamba a Melbourne. Ajinkya Rahane na Indiya ne ya fara karɓarta. A shekarar da ta biyo, Scott Boland, shi ma jinin 'yan asalin ƙasar ne, ya fitar da 'yan Ingila 6 a kan maki 7 kacal a turmi guda na wasansa na farko, ya karɓi lambar a filin da Mullagh ya tsaya shekara 155 kafin nan.

Namu gwanayen

Mu ma muna da hanyarmu ta riƙe suna, kuma ba abar rainawa ba ce. Mutanen Gaya sun fi kowa sanin haka, domin baki ne ya riƙe labarin maƙerin nan Kano, wanda ya tashi daga Gaya ya tafi Dala neman tama, har birni ya ci sunansa. A fagen dambe kuwa kalangu da kirari ne littafinmu. Yaron da aka haifa shekaru bayan Shago ya ajiye zare ya san Shago, saboda Ɗan Anace ya yi masa waƙa, rediyo da kaset kuma suka ɗauka suka yaɗa.

Amma waƙa zaɓe take yi. Zakara take ɗauka, shi ma sai wanda ya yi sa'ar makaɗi mai hikima. Ina sauran? In kaka ta yi, aka kai gero da dawa rumbu, aka tuge gyaɗa, garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi sun sha ganin dambe da kokawa da langa tun zamanin kakanni. A Kademi ko Shagogo, a Toranke ko Gurduba ko Balare, in ka zauna da dattawa za ka ji an ambaci wani da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, ko wani da hannunsa ba ya sauka banza. Ka tambayi shekarar, sai a ce zamanin dagaci wane. Ka tambayi su wa ya kayar, sai a tuna biyu a manta goma. In wannan dattijon ya kwanta dama, har biyun sun tafi.

Ƙwallon ƙafa ma, da ta zo a zamanin boko, haka muke yi mata. Je ka filin makarantar firamare da la'asar ranar wasan ƙarshe na gasar gari. An kafa sanduna an ɗaura igiya a sama, an zana layi da toka, yara sun hau katanga, masu rake da masu ruwan leda suna ta ciniki. Mai tsaron gida ɗan acaɓa ne, mai buga gaba tela ne, na tsakiya jiya ya dawo daga ci-rani. Kowannensu ya ciro kuɗin riga daga aljihunsa. Wani ya sha mutum uku ya zura ƙwallon da za a yi wata ana zancenta a teburin mai shayi. A ɗaga kofi, a ɗauki hotuna a waya, a watsa a WhatsApp. Bayan shekara biyu wayar ta lalace ko an sayar, shi ke nan. Ana iya gaya maka cewa Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, domin an rubuta. Wanda ya shekara goma sha biyar yana ci wa garinsu kuwa, ko ɗansa ba zai iya faɗin adadin ba.

Wannan rashi yana da illar da ta wuce mantuwa. Idan gari bai ajiye tarihin 'yan wasansa ba, yaro zai taso yana ganin wasan gida ba komai ba ne sai tsani, wanda bai kai birni ko Turai ba ya yi asarar ƙuruciyarsa. Irin wannan yaron ne yake faɗawa hannun mayaudaran da suke karɓar kuɗin gonar uba da alkawarin kai shi waje, kamar yadda aka yi wa su Mullagh a Sydney. Alhali mafi yawan masu wasa a duniya ba za su taɓa cin abinci da shi ba, kuma ba su yi asara ba. Mutumin da ya riƙe ƙungiyar garinsu shekara da shekaru, ya hana samari zaman banza, ya sada ƙauyukan da ba sa ga maciji, ya yi aikin da ya cancanci a san shi.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. Littafin rubutu ne mai kauri da biro, da mutum ɗaya mai amana a kowace ƙungiya, malamin makaranta ne ko ɗalibi, da boko ko da ajami. Ya rubuta ranar wasa da wurin, da sunan kowane ɗan wasa haɗe da na mahaifinsa da garinsu, da wanda ya ci da wanda aka ci, ba tare da tsallake kowa ba. A fagen dambe da kokawa a rubuta wa ya kara da wa, a turmi na nawa aka yi kisa. In gasa ta ƙare a yi kwafi biyu, ɗaya a wurin ƙungiya, ɗaya a ofishin wasanni na ƙaramar hukuma ko a fadar hakimi. Masarautar Gaya, da ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu, tana da martabar da in ta nemi a yi haka za a yi.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Dattawan da suka ga damben da da idonsu suna raguwa kowace shekara. Duk saurayin da yake da waya yana da na'urar ɗaukar magana a aljihunsa. Ya je ya gaishe su, ya durƙusa ya ce, Baba, a zamaninku wa ya fi kowa a garin nan, su wa ya kara da su, ɗan gidan wa ne? Ya ɗauka, ya dawo ya zauna ya rubuta a takarda, ya sa kwanan wata da sunan wanda ya ba shi labarin. Wannan aiki ne na yamma ɗaya, kuma in ba mu yi shi a wannan zamani ba, na bayanmu ba za su tarar da wanda za su tambaya ba.